Gidan Hayaƙin Turbo: Yadda Ake Zaɓen Girman da Ya Dace da Injin Mota

Duk wanda ya taɓa shiga shafukan sayar da kayan mota yana neman turbo, zai lura cewa turbo ɗaya takan zo da zaɓi biyu ko uku. Sunanta ɗaya, farashin kusan ɗaya, amma a gefen kowace an rubuta wata lamba daban: 0.64, 0.86, 1.06. Mutane da yawa sukan zaɓi babbar lamba don suna ganin ita ce mai ƙarfi, wasu kuma su ɗauki wadda ta fi araha. Wannan lambar kuwa ita ke nuna girman gidan hayaƙin turbo, kuma ita ke yanke hukunci kan lokacin da mota za ta fara ja da kuma inda ƙarfinta zai tsaya. Kuskure a nan yakan sa mutum ya kashe kuɗi masu yawa ya ƙare da motar da ta fi da nauyin tashi, ko kuma injin da zafi zai cinye masa fistin.

Yadda turbo ke aiki a taƙaice

Ƙarfin inji yana zuwa ne daga ƙona mai, mai kuma ba ya ƙonewa sai da iska. Inji mai lita 2 yana zuƙar iskar da ba ta wuce lita 2 ba a duk juyi biyu. Idan yana juyi 3,000 a minti, iskar da zai iya sha ba za ta wuce lita 3,000 a minti ba. Idan ya kai juyi 6,000, ta zama lita 6,000. Aikin turbo shi ne ta danna iska cikin silinda da ƙarfi, domin iska mai yawa ta shiga wurin da a da kaɗan ke shiga. Matsin iskar da ke kewaye da mutane a bakin teku kusan ba 1 ne, wato fam 14.7 a kan kowane inci murabba'i. Idan turbo ta ƙara ba 1 a kai, injin zai samu iskar da ta kusa ninki biyu, sai a ƙara masa mai daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru.

Turbo tana da farfela biyu a kan sanda ɗaya. Ta farko tana gefen hayaƙi: hayaƙin da ya fito daga inji da zafi da matsi shi ke juya ta. Ta biyu tana gefen iska: tana zuƙo iska daga waje ta matse ta, ta tura cikin inji. Sandar takan yi juyi sama da 100,000 a minti, ƙananan turbo ma sukan wuce 200,000. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905, sai dai ba ta shiga ƙananan motocin da ake sayarwa ba sai 1962, lokacin da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair mai turbo suka fito a Amurka.

Farfelar hayaƙi tana zaune ne cikin wani gida na zubin ƙarfe mai kama da katantanwa. Hayaƙi yana shiga ta baki mai faɗi, ya zagaya ta wata hanya da ke ƙara tsukewa, har ya faɗa kan fuka-fukan farfela. Wannan katantanwar ita ake kira gidan hayaƙi. A injin fetur, zafin da ke ratsa ta yakan haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyos idan ana aiki da ƙarfi.

Ma'anar lambar A/R

Haruffan biyu suna nufin abu biyu da ake aunawa. A shi ne faɗin hanyar hayaƙi idan aka yanka ta a wurin da take fara zagaye. R kuma shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar sandar turbo da tsakiyar wancan faɗin. Idan aka raba A da R, sai a samu lambar da ake bugawa a jikin gidan.

A ɗauki misali domin lissafi kawai. Hanya mai faɗin inci murabba'i 1.6 da ke nesa da tsakiya da inci 2.5 za ta ba da 0.64. Idan aka buɗe hanyar ta kai inci murabba'i 2.15 a wannan nisan, za a samu 0.86. Ke nan ƙaramar lamba tana nufin matsattsiyar hanya, babbar lamba kuma tana nufin hanya mai faɗi.

Gidan da ke gefen iska shi ma yana da tasa lambar A/R, kuma ita ce mai saye ya fi saurin gani saboda tana jikin ɓangaren da ke ƙyalli. Tasirinta a kan halin turbo kaɗan ne, shi ya sa kamfanoni ba su cika ba da zaɓi a kanta ba. Wanda ke tambayar mai sayarwa ya tabbatar lambar gefen hayaƙi aka faɗa masa.

Abin da ƙaramin gida ke yi

Wanda ya taɓa wanke mota da tiyo ya san abin da ke faruwa idan ya danne bakin tiyon da yatsa. Ruwan zai fita da gudu ya yi nisa, amma matsi zai taru a bayan yatsan. Haka ƙaramin gida yake yi wa hayaƙi. Ko injin yana juyi a hankali, ɗan hayaƙin da yake fitarwa zai ratsa matsattsiyar hanya da gudu, ya bugi gefen farfela, turbo ta tashi da wuri. Direba yana taka totur zai ji mota ta amsa. A cikin gari, inda ake tsayawa a danja ana tashi, wannan shi ne abin da ke sa tuƙi daɗi.

Matsalar tana bayyana ne idan injin ya hau sama. A juyi 6,000 tare da matsin turbo, hayaƙin da ke fitowa ya ninka na juyi 2,000 sau da dama, hanyar kuma ba ta ƙaru ba. Sai matsi ya taru tsakanin bawul ɗin hayaƙi da turbo. Wannan taruwar tana jawo abu uku.

Na farko, fistin zai riƙa kashe ƙarfi wajen tura hayaƙi waje, ƙarfin da ya kamata ya tafi taya. Na biyu, hayaƙin ba zai gama fita daga silinda ba, wanda ya rage zai cinye wurin da sabuwar iska za ta zauna. Akwai ɗan lokaci a kowane zagaye da bawul ɗin iska da na hayaƙi suke buɗe tare. Idan matsin hayaƙi ya fi na iska nesa, hayaƙin ma yakan koma baya a wannan lokacin. Na uku, wanda ya fi haɗari, hayaƙin da ya rage yana da zafi, yana ɗumama cakuɗen iska da fetur, sai wani ɓangarensa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar ce ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kwamfutar mota takan ja lokacin tartsatsin fulogi baya don kare injin, ƙarfi ya ragu, zafin hayaƙi kuma ya ƙaru. Idan abin ya fi ƙarfin kwamfutar, fistin ya tsage ko gaskit ya ƙone.

Akwai wata matsalar kuma idan aka haɗa ƙaramin gida da babbar farfelar iska. Turbo za ta tashi da wuri ta tara iskar da injin bai kai ga iya shanyewa ba a wannan juyin, sai iskar ta riƙa komawa baya ta cikin farfela tana ƙara kamar fuka-fukan tantabara alhali ƙafa na kan totur. Wannan yana wahalar da boris ɗin turbo.

Abin da babban gida ke yi

Babban gida yana barin hayaƙi ya wuce a sake. Matsi ba ya taruwa a baya, silinda tana fita tas, injin yana numfashi har zuwa jan layi. Da matsin iska iri ɗaya, inji mai babban gida yakan fi ba da ƙarfin doki a sama, kuma yana yin hakan da ƙarancin zafi. Shi ya sa motocin tseren miƙaƙƙiyar hanya, waɗanda ba sa saukowa ƙasa da juyi 5,000 ko 6,000, suke amfani da manyan gidaje.

Kuɗin da ake biya shi ne jira. A ƙananan juyi, hayaƙin ba shi da yawan da zai cika faffaɗar hanya, yana tafiya a hankali, farfela ba ta samun bugun da zai tashe ta. Mota za ta zama kamar ba ta da turbo, wani lokaci ma ta fi marar turbo nauyi, domin injinan turbo da yawa an rage musu matsin fistin tun daga kamfani.

Jiran nan iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Na ɗaya shi ne juyin da dole inji ya kai kafin turbo ta iya ba da matsi ko kaɗan. Idan mota tana ƙasa da shi, ko an dade ana taka totur babu abin da zai zo sai an sauke giya. Na biyu shi ne ɗan lokacin da ke wucewa tsakanin taka totur da zuwan matsi, bayan inji ya riga ya wuce wancan juyin. Babban gida yana ƙara duka biyun. Ga mai son wuce tirela a hanya mai layi ɗaya, wannan sakan ɗaya ko biyun na jira ba ƙaramin abu ba ne.

Taura biyu ba ta taunuwa: gida ɗaya mai tsayayyen girma ba zai ba da saurin tashi na ƙarami da numfashin babba a lokaci guda ba.

Misali daga turbo da aka sani

Garrett GT2860RS turbo ce da ta yi suna a wajen masu gyaran injinan lita 1.8 zuwa 2, irin su SR20DET na Nissan Silvia. Kamfanin yana sayar da ita da gidan hayaƙi 0.64 ko 0.86. Farfelun duka ɗaya ne, sandar ɗaya ce, katantanwar kawai ta bambanta. A kan injin lita 2, mai 0.64 yana kawo cikakken matsi da wuri, ya dace da motar yau da kullum da kuma hanya mai kwana da yawa. Mai 0.86 yakan jinkirta zuwan matsin da wasu ɗaruruwan juyi, amma yana riƙe ƙarfi zuwa sama inda na farko ya fara shaƙewa.

Bisa lissafi, 0.86 ya fi 0.64 da kusan kashi 34 cikin ɗari. Amma hayaƙin da ke wucewa ba ya ƙaruwa da wannan adadin, domin ita ma farfelar tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Idan farfela ƙarama ce, ƙara mata gida zai kai wani matsayi da ba ya ƙara komai sai jira. A nan sai a koma turbo mai babbar farfela, irin GT3076R ko GT3582R, waɗanda ke zuwa da 0.63, 0.82 da 1.06.

Wannan ya kawo wani kuskure da ya yi yawa: kwatanta lambobi tsakanin turbo daban-daban. Gida mai 0.63 na babbar turbo yana wuce hayaƙi fiye da 0.64 na ƙarama, wani lokaci ma fiye da 0.86 ɗinta, saboda farfelarsa da jikinsa duka sun fi girma. Lambar tana da ma'ana ne kawai a cikin iyali ɗaya na turbo. Wasu kamfanonin ma ba sa amfani da ita. Mitsubishi da Holset suna rubuta faɗin hanyar ne da santimita murabba'i. Lancer Evolution na tara ya zo da gida mai 10.5. A motocin Dodge Ram masu injin dizal na Cummins mai lita 5.9, an yi amfani da Holset HX35 mai gida 12, aka kuma sa HY35 mai gida 9 a wasu masu giyar otomatik domin su fi saurin amsawa. Ba a iya juya waɗannan lambobin zuwa A/R kai tsaye sai an san nisan R na kowane gida.

Abubuwan da ake dubawa kafin zaɓe

Girman inji shi ne farko. Injin lita 3 yana fitar da hayaƙi sau ɗaya da rabi na injin lita 2 a juyi iri ɗaya. Gidan da ya yi wa lita 2 girma zai iya zama daidai ga lita 3, wanda ya dace da lita 2 kuma ya shaƙe lita 3.

Na biyu shi ne inda injin ke yini. Mai mota ya duba agogon juyi na mako guda yana tuƙinsa na kullum. Idan allurar tana tsakanin 1,500 da 4,000 kusan ko da yaushe, sayen gidan da ba ya farkawa sai a 4,500 asarar kuɗi ce, ko da takardar gwaji ta nuna lamba mai ban sha'awa a sama.

Na uku shi ne irin man. Injin dizal ba ya cika wuce juyi 4,500, hayaƙinsa kuma bai kai na fetur zafi ba, don haka yakan so gida mafi ƙanƙanta idan aka kwatanta da injin fetur mai girma ɗaya. Injin fetur kuwa yana da haɗarin fashewar da aka ambata. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Maiduguri, iskar da turbo ke zuƙa ta riga ta yi zafi tun kafin a matse ta. Idan aka haɗa wannan da fetur ɗin da ba a tabbatar da ingancinsa ba, gidan da ya yi ƙanƙanta yana rage ɗan sararin kariyar da ya rage wa injin. Gida mai matsakaicin girma tare da intakula mai kyau ya fi kwanciyar hankali.

Na huɗu shi ne giya. Mota mai giyar hannu da giyoyi a kusa da juna tana iya riƙe inji a sama, don haka tana jure babban gida. Mota mai nauyi, ko mai giyoyi huɗu masu nisa da juna, tana faɗowa ƙasa duk lokacin da giya ta canza, ta fi buƙatar turbo mai tashi da wuri.

Na biyar shi ne ƙofar rage hayaƙi. Kusan kowace turbo ta fetur tana da wata ƙofa da ke buɗewa idan matsi ya kai yadda ake so, ta karkatar da wani ɓangaren hayaƙi ya wuce salansa ba tare da ya taɓa farfela ba. Wasu gidajen an gina musu ita a ciki, wasu kuma sai an sayi ta waje an haɗa a manifol. Ƙaramin gida yana jingina da wannan ƙofa sosai. Idan raminta ya yi ƙanƙanta, matsi zai ci gaba da hawa yayin da juyi ke ƙaruwa ko da ƙofar a buɗe take gaba ɗaya, kuma babu saitin kwamfuta da zai hana hakan.

Na ƙarshe shi ne bakin haɗi. Gidaje suna zuwa da fuska iri-iri, kamar T25, T3, T4 da mai zobe zagayayye. Dole ta dace da manifol ɗin da ke jikin injin.

Dabarun da ke rage wahalar zaɓe

Injiniyoyi sun daɗe suna neman hanyar samun amfanin gidajen biyu. Ɗaya daga ciki ita ce raba katantanwa gida biyu. A inji mai silinda huɗu da ke tashi bisa tsarin 1-3-4-2, ana haɗa silinda ta 1 da ta 4 a hanya ɗaya, ta 2 da ta 3 a ɗaya hanyar. Hakan yana hana bugun hayaƙin wata silinda shiga wadda ke ƙoƙarin fitar da nata, kuma kowane bugu yana isa farfela da ƙarfinsa. Da wannan tsari ana iya sa gida mai babbar lamba ba tare da jira ya ƙaru sosai ba. Mitsubishi ta yi amfani da shi tun daga Lancer Evolution na huɗu a 1996, BMW kuma ta sa shi a injinta N55. Sai dai amfanin yana samuwa ne kawai idan manifol ɗin ma a rabe yake har bakin turbo.

Hanya ta biyu ita ce turbo mai sauya girman hanya, wadda ake kira VGT ko VNT. An zagaye farfela da ƙananan fuka-fukai masu motsi. A ƙaramin juyi sai su rufe su tsuke hanya, a sama kuma su buɗe. Yawancin injinan dizal na zamani da ita suke zuwa, har da injin 1GD mai lita 2.8 na Toyota Hilux. A fetur ta daɗe ba ta yaɗu ba saboda zafin hayaƙi yana lalata fuka-fukan, sai da Porsche ta fito da ita a 911 Turbo na 2006 tare da BorgWarner, da ƙarafa masu jure zafi. Raunin wannan tsarin a dizal shi ne baƙin toka da ke taruwa ya daskarar da fuka-fukan, musamman a motar da ba ta fita doguwar tafiya.

Hanya ta uku ita ce turbo biyu masu aiki bi da bi, kamar a Toyota Supra mai injin 2JZ-GTE da Mazda RX-7 na ƙarshe: ɗaya tana aiki a ƙasa, ta biyu ta shigo a sama. Ta huɗu kuma ita ce sa ƙaramin injin lantarki a kan sandar turbo, ya juya ta kafin hayaƙi ya iso. Motocin tseren Formula 1 sun fara amfani da irinsa a 2014, Mercedes-AMG kuma ta kawo shi motocin titi a 2022 tare da Garrett.

Yadda waya za ta taimaka

Ba sai an yi hasashe ba. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, haka ma yawancin motocin da suka zo bayan haka daga Turai da Japan. Ƙaramar na'ura irin ELM327 tana shiga wannan soket ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhajoji irin Torque da Car Scanner kuma su nuna juyin inji, zafin iskar da ke shiga, lokacin tartsatsin fulogi, da matsin iska a motocin da ke da na'urar auna shi. Suna iya adana bayanan a fayil a duba daga baya.

Gwajin da aka saba yi shi ne a sa giya ta uku, a fara daga kusan juyi 2,000, a taka totur har ƙasa zuwa kusa da jan layi. Wannan aikin filin da aka killace ne ko kan na'urar gwajin ƙarfi, kuma wani ne zai riƙe wayar, ba direba ba. Idan fayil ɗin ya nuna matsi ya zo da wuri amma yana faɗuwa a sama, lokacin tartsatsi kuma yana ja baya, alama ce gidan ko turbo ɗin gaba ɗaya ya yi ƙanƙanta. Idan kuma matsi bai cika ba sai saura kaɗan a canza giya, gidan ya yi girma, muddin an tabbatar babu inda iska ko hayaƙi ke yoyo, domin tsagaggen manifol ko sakakken tiyo suna nuna alama iri ɗaya.

Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne matsin hayaƙi kafin turbo, kuma yawancin motocin fetur ba su da na'urar auna shi. Makanikai sukan huda manifol su haɗa dogon siririn bututun tagulla da aka naɗe don ya huce, su kai shi ga agogon matsi. Sai a kwatanta shi da matsin iska. Idan suna kusa da juna, injin yana numfashi sosai. Masu saita injina da yawa sukan ɗauki matsin hayaƙin da ya haura ninki biyu na matsin iska a matsayin alamar cewa lokacin ƙara gida ya yi.

Ga motar da ake hawa kullum, wadda aka ƙara wa ƙarfi daidai gwargwado, ƙarami ko matsakaicin gida daga cikin waɗanda kamfani ya ware wa wannan turbo shi ya fi dacewa. Babban gida na wanda ya riga ya gyara famfon mai, nozul, intakula da kuloci ne, kuma ya san injinsa zai zauna a sama. Tun da a turbo da yawa ana iya cire katantanwar a sa wata ba tare da taɓa farfelu ba, wanda ya fara da ƙarami ya auna zai iya canzawa daga baya da kuɗin gida kawai. Duk wanda aka sa, dole a sake saita kwamfutar motar kafin a taka ta da ƙarfi, domin yawan iskar da ke shiga a kowane juyi ya canza.